Bado da Yanar Ido: Shekaru 14 na Ƙarshen Claude Monet

Duk wanda ya tashi a unguwar da ke da kududdufi ya san bado. Ganyensa faffaɗa yana kwance a kan ruwa kamar faifai, furensa ya buɗe ya rufe a lokacin da ya ga dama, kwaɗi suna hawa suna sauka. Mu dai da muna yara ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Da wani zai ce mana akwai mutumin da ya kashe dukiya ya haƙa kududdufi da gangan don ya shuka bado, ya ɗauki ma'aikata suna wanke masa ganyen kowace safiya, da mun ce a kai shi a duba kansa.

An yi mutumin kuwa, a Faransa. Sunansa Claude Monet, ana furta shi Mone. Ya shafe kusan shekara 30 na ƙarshen rayuwarsa yana zana badon tafkinsa, ya bar zane kusan 250 a kansa. Kusan rabin waɗannan shekarun ya yi su ne da idanun da ke dushewa kullum. Labarin wannan rabin nake so in bayar.

An haife shi a Paris a 1840, ya girma a Le Havre, wani gari na bakin teku. A 1874 shi da wasu abokansa da hukumar baje kolin zane ta gwamnati ta sha korar ayyukansu suka shirya nasu baje kolin. Cikin abin da ya kawo akwai zanen tashar jiragen ruwan garinsu da asuba, mai suna Impression, soleil levant, wato abin da ido ya fara kamawa a fitowar rana. Wani ɗan jarida mai suna Louis Leroy ya ɗauki kalmar farko ya yi musu ba'a da ita, sunan kuma ya bi su har yau. Abin da ya raba su da magabatansu shi ne sun fita daga ɗaki sun koma fili, sun daina damuwa da yadda abu yake a sanin mutum, sun koma kan yadda haske ke sauka a kansa a wannan daƙiƙar. Monet ya fi kowa nacewa a kan haka. Zai kafa kyallayen zane da yawa a gaban tulin dami ɗaya, idan rana ta ɗan gusa sai ya ajiye wannan ya ɗauki wancan, domin a wurinsa damin hantsi da damin la'asar ba abu ɗaya ba ne.

Ka riƙe wannan a ranka, mai karatu. Mai zanen da ya dogara da labari ko da siffa, idan idonsa ya raunana yana da sauran madafa. Shi wannan duk jarinsa bambancin launi ne, irin ɗan siririn bambancin da ke tsakanin shuɗin ruwa da shuɗin inuwar gajimare a cikin ruwan.

A 1883 ya koma wani ƙauye mai suna Giverny, kimanin kilomita 75 daga Paris. Ya sayi gidan a 1890 da kuɗi suka fara shigowa, a 1893 kuma ya sayi wani fili a ƙetaren layin dogo, ya nemi izinin karkato da wani ɗan reshen kogin Epte don ya cika tafki. Mutanen ƙauyen suka yi ca, suna tsoron baƙin tsirransa za su gurɓata ruwan da dabbobinsu ke sha. Ya samu izinin duk da haka. Ya gina 'yar gada irin ta Japan, ya dasa itatuwa masu rassa suna zubo wa ruwa, ya cika tafkin da bado kala-kala. Ya fara ƙera abin da zai zana kafin ya zana shi.

Matsalar ido ta fara leƙowa ne wajen 1908, shekarar da ya je Venice ta Italiya. Sai masifu suka biyo juna. A watan Mayun 1911 matarsa Alice ta rasu. A 1912 likita ya tabbatar masa da yana a idanunsa biyu, ta dama ta fi tsanani, yana da shekara 71. A Fabrairun 1914 babban ɗansa Jean ya rasu bayan doguwar jinya. A tsakanin waɗannan shekaru kusan ya ajiye buroshi.

Ya kamata in ɗan tsaya kan ita kanta yanar, don mu a nan mun san ta sosai amma yawancinmu mun ɗauka wani farin abu ne ke tsirowa a saman ido. Abin a ciki yake. Bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, bai fi ƙwayar wake ba, shi ke tattara haske ya aika shi bayan ido. Da shekaru suka ja sai sinadaran da aka yi shi da su su fara dunƙulewa, ya yi hazo. Irin yanar da ta kama Monet kuma ba hazo kawai take kawowa ba, tana rina madubin, ya koma ruwan ɗorawa, daga baya ruwan ƙasa. Madubi mai wannan launi yana shanye shuɗi da shunayya kafin su kai ciki, ya bar ja da rawaya su wuce.

Wayar da ke hannunka za ta iya nuna maka. Yawancin wayoyi suna da tsarin kare ido na dare, wanda ke rage shuɗin hasken fuskar waya har ta koma kamar an jiƙa ta a shayi. Kunna shi, ka kai shi ƙarshe, ka buɗe hoton sararin sama. Bayan minti goma za ka daina lura, domin ƙwaƙwalwa tana gyara abin da take gani, ta ce maka wannan fari ne ko da ba fari ba ne. Yanzu ka ɗauka ba za ka iya kashe shi ba, kuma kowace shekara wani yana ƙara murɗa shi, yana kuma shafa man kaɗanya a fuskar wayar.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damuna, irin wadda mai rubuta manhaja ba ya iya ƙyalewa. Idan yana kallon tafkin ta cikin wannan rini, kuma yana kallon fentinsa ta cikin rinin nan dai, ai ya kamata kuskuren ya soke kansa. Zai ga tafkin ya yi rawaya, ya ga fentin da ya dace ma ya yi rawaya daidai gwargwado, ya zaɓe shi, mu masu lafiyar ido mu ga zane daidai. Da farko-farkon ciwon kusan haka ake yi, shi ya sa mai yana zai iya shekaru yana aiki ba wanda ya gane. Inda lissafin ke rushewa shi ne lokacin da launuka biyu daban suka koma abu ɗaya a idonsa. Idan shuɗi mai duhu da baƙi-baƙin kore duk sun zama duhu iri guda, ba shi da hanyar sanin wanne ke gabansa, ba shi kuma da hanyar sanin wanne ya ɗebo. A aikinmu idan aka matse hoto har bayanansa suka zube, babu wata dabara da za ta dawo da su daga cikin hoton da ya rage. Abin da ya samu Monet ke nan: zai iya zuba shuɗi mai ƙarfi a kan kyalle bai sani ba, ko ya cika shi da ja don shi kaɗai yake gani da kyau.

To me ya hana shi yin aiki tun 1912? An san tiyatar yana a Faransa tun 1747, lokacin da Jacques Daviel ya fara ciro madubin da ya lalace daga cikin ido maimakon a tura shi baya da tsinke kamar yadda masu aikin gargajiya ke yi. Amma tiyatar zamanin Monet ba irin ta yau ba ce. Ana tsaga ido da faɗi, a ciro madubin, ba a sa komai a gurbinsa. Sauran rayuwarka sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Kuma yana ganin abin da ke samun abokan sana'arsa. Edgar Degas ya kusan makancewa da wani ciwon idon daban kafin ya rasu a 1917. Mary Cassatt, Ba'amurkiyar da ke cikin tawagarsu, an yi mata aikin yana bai yi kyau ba, ba ta sake zane ba. Lissafin Monet mai sauƙi ne: idon da ke hannu, ko da rabi ne, ya fi wanda likita ke alkawari. Ya shekara goma yana zuwa wurin likitoci daban-daban yana neman wanda zai ce masa ba sai an yanka ba.

Wanda ya tashe shi daga zaman makoki shi ne Georges Clemenceau, ɗan siyasar da Faransawa ke wa laƙabi da Damisa. Tsohon abokinsa ne, shekara ɗaya ce tsakaninsu, kuma likita ne kafin ya shiga siyasa. A 1914 ya ƙarfafa masa gwiwa ya koma kan wani tsohon burinsa: ya zana tafkin a kan manya-manyan kyallaye da za su kewaye ɗaki, mai kallo ya tsaya a tsakiya ruwa ya zagaye shi ta ko'ina, babu gaɓa babu sararin sama sai wanda ya faɗo cikin ruwan. Monet ya fara. Bayan 'yan watanni Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Ya ƙi barin Giverny ko da sojojin Jamus suka doso Paris. Ɗansa da ya rage, Michel, ya shiga soja, ya kuma ga yaƙin Verdun a 1916. A wata wasiƙa ta ƙarshen 1914 Monet ya faɗa wa wani abokinsa cewa yana jin kunyar zama yana binciken launi alhali mutane na mutuwa, amma bai daina ba. A 1915, ana tsakiyar ƙarancin ma'aikata da kayan gini, ya sa aka gina masa sabon ɗakin aiki mai tsawon mita 23 da faɗin mita 12, rufinsa na gilashi. Kyallayen da yake aiki a kansu tsayinsu mita 2 ne, da yawa faɗinsu ya haura mita 4, an ɗora su a kan katakai masu taya don a riƙa jera su ana sauya musu wuri. Da bazara ya zauna bakin tafki ƙarƙashin babbar laima yana ƙananan zane, da hunturu ya shiga ɗaki ya mayar da su manya. Tsoho ne mai shekara 75 da ba ya gani sosai, sai ya zaɓi aikin da ya fi duk wanda ya taɓa yi girma. Ina ganin girman ma yana cikin dabarar: idon da ba ya iya ƙaramin abu yana iya babba.

Sauran dabarun shi da kansa ya bayyana su ga wani ɗan jarida, François Thiébault-Sisson, a 1918. Ya ce ja ya koma masa kamar laka, ruwan hoda ya zama lami, launukan tsaka-tsaki sun ɓace masa. Ya daina aiki da tsakar rana saboda haske mai ƙarfi yana watsuwa a cikin hazon ya dallare shi, ya koma sa malafa mai faɗi. Fenti kuwa, ya koma karanta sunan da ke jikin kowane bututu, ya kuma tsara su a kan katakon da yake damawa cikin jeri ɗaya da ba ya canzawa, ta yadda hannunsa ya san inda kowane launi yake ko ido bai tabbatar ba.

Wannan wurin ne ya sa na ƙaunaci labarin. Na taɓa yin kwana biyu ina gyara launukan wata manhaja a kan kwamfutar da fuskarta ta lalace, komai ya koma kore-kore. Ban iya yarda da abin da nake gani ba, sai na koma ga lambobi, domin a kwamfuta kowane launi lamba uku ne, na ja da na kore da na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Na san wace lamba ce shuɗin da ake so, na rubuta ta, na danne zuciyata da ke cewa bai yi ba. Kwana biyu kawai, kuma ina da abokin aiki a gefe da zan ce wa ya duba mini a tasa. Monet ya yi shekaru a haka. Abin da ya maye masa gurbin lambobin shi ne shekara 60 na sanin abin da ke fitowa idan aka haɗa wannan fenti da wancan.

Ranar 11 ga Nuwamban 1918 aka tsagaita wuta. Clemenceau ne firaminista a lokacin, shi ake yi wa kirarin wanda ya kai ƙasar ga nasara. Washegari Monet ya rubuta masa cewa yana so ya ba ƙasa kyautar zane biyu don murnar ranar. Damisa ya zo Giverny bayan 'yan kwanaki, ya lallashe shi har kyautar biyu ta koma ta dukan aikin. An ɗauki shekaru ana jayayya kan inda za a ajiye su. Da farko an so a gina musu ɗaki a harabar gidan tarihin Rodin, kuɗi suka hana. Daga ƙarshe aka tsaya kan Orangerie, wani gini da aka yi a 1852 a lambun Tuileries don ajiye itatuwan lemo lokacin sanyi. Ranar 12 ga Afrilun 1922 Monet ya sa hannu a takardar kyauta, da sharaɗin zai miƙa aikin cikin shekara biyu, gwamnati kuma za ta gyara ɗakuna biyu masu siffar ƙwai yadda ya tsara.

Daga ranar abin ya tashi daga sha'awa ya zama bashi, kuma bashin da duk ƙasa ta sani. Wata biyar bayan sa hannun, a Satumban 1922, likitan ido Charles Coutela ya auna shi. Idon dama ba ya ganin komai sai bambancin haske da duhu. Na hagu saura kashi ɗaya cikin goma. A ma'aunin yau wannan mutum makaho ne a hukumance. Zanen gadar Japan da ya yi a waɗannan shekaru suna nan, kowa zai iya nemo su ya ajiye kusa da na 1899. A na farko gada ce, kore da shuɗi, kana iya ƙirga sandunanta. A na baya sai ka yi da gaske kafin ka gano gadar a cikin wani curin ja da ruwan goro da ruwan ƙasa, kamar daji ya kama da wuta.

Coutela ya fara ba shi maganin ɗigawa da ke buɗe baƙin idon hagu, don haske ya samu hanya ta gefen hazon. Monet ya yi murna ƙwarai, ya ɗauka ya tsira daga wuƙa. Murnar ba ta daɗe ba. Clemenceau ya matsa masa lamba, a matsayin aboki da likita da kuma wanda ya sa sunansa a cikin alkawarin. A farkon 1923, yana da shekara 82, ya yarda aka yi wa idon dama aiki a wani asibiti a Neuilly, a matakai biyu.

Jinyar ta fi aikin wuya. Saboda ba a iya ɗinke tsagar yadda ake yi yanzu, dole majiyyaci ya kwanta rigingine kwana da kwanaki, idanu biyu a naɗe, an tokare kansa da buhunan yashi don kada ya motsa. Mutumin da tun yana saurayi yake tashi da asuba don ya riga rana fita, aka ce ya kwanta cikin duhu. Bai yi haƙuri ba, har ya yi ƙoƙarin yage bandejin. Bayan 'yan watanni wata sabuwar yana ta rufe fatar da aka bari a baya, abin da kan faru bayan irin wannan aiki. Ya rubuta wa Coutela wasiƙa mai zafi yana nadamar yardar da ya yi. A watan Yuli aka yi masa aiki na uku a gidansa.

Ko da ganin ya dawo, bai dawo yadda ya sani ba. Tabarau mai kauri yana ƙara girman abu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, yana lanƙwasa layuka a gefe, don haka idon da aka yi wa aiki da wanda ba a taɓa ba ba sa iya haɗuwa su ba da hoto ɗaya. Sai an toshe ɗaya. Launi kuma ya juye. Ƙwaƙwalwar da ta shekara goma tana ƙara shuɗi don cike gurbin wanda yana ke shanyewa, yanzu an cire yanar, shuɗi ya kwararo mata. Ya yi ta kukan cewa shuɗi kawai yake gani, ja da rawaya sun gudu. Idon hagu kuwa yana nan cikin duniyarsa ta ruwan ƙasa, kuma ya rantse ba za a taɓa shi ba. Akwai jerin zanen gidansa da ya yi daga cikin lambun wardi a wannan lokaci, wuri ɗaya, wasu jajawur wasu shuɗi da shunayya. Masu nazari da dama suna ganin ido biyun ne, kowanne da nasa.

Na ga ɗan ƙaramin misalin wannan a gidanmu. Da aka yi wa kakata aikin yana a wani asibiti a Kano, washegari aka cire mata auduga, ta dubi atamfar da ke jikinta ta daɗe, sannan ta dube ni. "Kai maigidan, ashe zanen nan shuɗi ne? Shekara biyu ina ɗaurawa ina cewa baƙi." Na ce, "Hajiya, ai mun ɗauka kin sani." Ta ce to da ta sani da ba ta je gidan gaisuwa da shi ba. Ita dariya abin ya ba ta. Amma ita ba ta zana komai ba a shekarun nan biyu. Monet ya buɗe ido ne ya tarar da aikin shekaru a jingine a bango, bai san wanne ne gaskiya ba, abin da ya gani lokacin da yake yi ko abin da yake gani yanzu.

Dama can mutum ne mai lalata aikinsa. A 1908, ana dab da baje kolinsa, ya sa wuƙa ya farke zanen bado aƙalla 15, aka ɗage bikin zuwa shekara mai zuwa. Yanzu abin ya ƙaru. Ya farke wasu, ya ƙone wasu, ya yi ta komawa kan manyan kyallayen yana gyara. Clemenceau yana tsoron gyaran nan fiye da komai, kuma duk wanda ya taɓa buɗe manhajar da ke aiki lafiya don ya ɗan gyara wani abu da tsakar dare ya san irin wannan tsoro. Wa'adin 1924 ya zo ya wuce. Ɗakunan Orangerie suna jiran kaya. Wajen farkon 1925 Monet ya sanar da hukuma cewa ya janye kyautar. Clemenceau ya fusata, ya rubuta masa cewa idan haka ne to zumuncinsu ya ƙare, domin tsufa da ciwo ba su ba mutum damar karya alkawarin da ya yi wa ƙasa ba. Tsofaffi biyu, ɗaya 84 ɗaya 83, suka yi watanni suna gaba kafin su shirya.

Ana yawan ba da labarin kamar na mutum biyu ne, alhali akwai ta uku da ba don ita ba da babu abin da za a bayar. Blanche Hoschedé 'yar matarsa Alice ce, kuma matar ɗansa Jean. Ita ma mai zane ce, a hannunsa ta koya. Da mijinta ya rasu a 1914 ta dawo Giverny, ta ajiye nata buroshin, ba ta sake ɗauka ba sai bayan rasuwar tsohon. Ita ke tafiyar da gidan, ita ke taya shi jan kyallayen da suka fi ƙarfinsa, ita ke shanye fushinsa idan aiki ya ƙi. Shekara 12 na sana'arta suna cikin farashin waɗannan zane, ko da yake babu sunanta a jikinsu.

Sauƙi ya zo ta hannun wani likitan, Jacques Mawas, wanda wani mai zane André Barbier ya haɗa su a 1924. Ya samo masa sababbin gilasai na kamfanin Zeiss na Jamus, waɗanda ba sa lanƙwasa abu kamar na da, aka kuma yi ta gwada masu ɗan rini don rage shuɗin. Ƙwaƙwalwar ma ta saba a hankali. A bazarar 1925 ya rubuta wa Barbier cewa ganinsa ya dawo, yana aiki kamar bai taɓa yi ba, har yana fatan ya kai shekara ɗari. Watanni kaɗan ya samu a haka. A 1926 jiki ya fara ƙi, ciwon daji ya kama huhunsa, shi da ya yi rayuwarsa da taba a baki. Ya rasu ranar 5 ga Disamban 1926 yana da shekara 86, Clemenceau na gefensa. Ana ba da labarin cewa a wurin jana'iza Damisa ya yaye baƙin kyallen da aka rufa wa akwatin gawar ya sa mai furanni. Har ya mutu bai bar zanen sun fita daga ɗakin aikinsa ba.

A watan Mayun 1927 aka buɗe ɗakunan: kyallaye 22 da aka haɗa suka zama zane 8, an manne su a bango, tsawonsu gaba ɗaya kusan mita 90. Jama'a ba su zo ba. Yayin zane ya riga ya wuce wurin, matasa suna bin Picasso da ire-irensa, masu sharhi da dama kuma suka ce aikin tsoho ne da ido ya gaza. A 1944, lokacin ƙwato Paris daga hannun Jamus, harsasan igwa suka faɗo ginin suka lalata wani sashe. Sauran manyan kyallayen da bai bayar ba suka yi kusan shekara 30 a Giverny ba mai tambaya.

Sai a shekarun 1950 abin ya juya. A New York an samu masu zane irin su Jackson Pollock da ke cika manyan kyallaye da launi ba tare da wata siffa ba, sai masu sharhi suka waiga suka ce ai ga kakansu can a Giverny. A 1952 mai zane André Masson ya yi rubutun da ya ɗaga darajar ɗakunan Orangerie. A 1955 babban gidan tarihin zanen zamani na New York ya sayi ɗaya daga cikin manyan kyallayen, gobara ta cinye shi a 1958, suka sake sayen wasu. Abin da aka kira gazawar ido a 1927 shi aka koma kira hangen nesa.

Ni duka bayanan biyu ba su gamsar da ni ba, kuma na biyun ya fi ba ni haushi, don yana da daɗin faɗa. Akwai masu son a ce ciwo ne ya ba shi sabon salo, kamar yana wata baiwa ce. Shi bai ɗauke ta haka ba. Ya tsane ta, ya farke abin da ta sa shi ya yi duk lokacin da ya gane. A 2006 wani likitan ido na Jami'ar Stanford, Michael Marmor, ya yi amfani da kwamfuta ya kwaikwayi abin da mai irin wannan yana zai gani, ya ɗora hazon da rinin a kan hotunan lambun da kuma kan zanen. Abin da ya fito ya nuna cewa jajayen zanen nan masu ƙarfi da ake yabo, a idon mai su dusu-dusu suke, launukan sun narke cikin juna. Ke nan abin da muke gani a cikinsu shi bai gan shi ba. Zanen Orangerie kuwa, waɗanda ya yarda su wakilce shi, yawancinsu shuɗi ne da kore da shunayya a natse, launukan da yana ta fi ɓoye masa. Ya kai gare su ta hanyar karanta sunan bututu, da jerin da hannunsa ya haddace, da 'yan watannin 1925 da ido ya ba shi damar dubawa.

Shekara 23 bayan rasuwarsa, a 1949, wani likita a Landan mai suna Harold Ridley ya fara dasa madubin roba a cikin ido a gurbin wanda aka cire. Ya samo dabarar ne daga matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar murfin jirgi ya shige musu ido amma idon bai ƙi shi ba. Irin wannan madubin aka sa wa kakata, aikin bai kai rabin awa ba, ba buhun yashi ba tabarau mai kauri.

Zanen kansu sai da suka yi tasu yanar. Monet ya tsara ɗakunan ne don hasken rana ya sauko ta rufin gilashi, launukan su riƙa sauyawa daga safe zuwa yamma kamar tafkin, zanen fitowar rana a gabas, na faɗuwarta a yamma. A shekarun 1960 aka gina bene a samansu don a samu wurin ajiye wasu zanen, aka toshe hasken, badon ya koma ƙarƙashin fitilar lantarki na kusan shekara 40. A 2000 aka rufe ginin, aka rushe benen ba tare da an ɓamɓare zanen daga bango ba, aka sake buɗewa a watan Mayun 2006.